Ranar da Na Rubuta Sunan Baffanku

Nana, ke da ƙannenki kun girma kuna jin labarin nan gutsi-gutsi, kowa da inda ya tsinto nasa. Wasu a gidan biki suka ji, wasu a bakin gwaggonninku, waɗanda in an zo maganata ba sa rasa gishirin ƙarawa. Abin da aka faɗa muku shi ne uwarku ta ci mutuncin yayan mijinta saboda aikin gwamnati, har ya ƙi zuwa ɗaurin aurenki. Rabin wannan gaskiya ne. A lokacin na yi shiru don aikina bai yarda in yi magana ba, daga baya kuma na yi shiru don Baffanku yana raye, ba na so a ce ina wanke kaina da shi. Yanzu na yi ritaya, shi kuma ya koma ga Mahaliccinsa, Allah ya jiƙansa, kuma kafin ya rasu da bakinsa ya ce in faɗa muku. To ga shi zan faɗa, kuma tun farko ku sani ban taɓa yin da-na-sani ba.

Ba za ku gane nauyin abin ba sai kun san wane ne Baffanku a wurina. Ku kun san shi Farfesa, tsoho mai tabarau da alawa a aljihu. Ni na san shi mutumin da ya zo gidan surukaina ina amarya, ya ga ina karanta takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki, ya tambaye ni ina na tsaya a karatu. Ban iya ɗaga kai na amsa ba, sai da aka amsa mini. Shi ya tsaya kai da fata sai da aka bar ni na koma makaranta, ya cika mini fam da hannunsa, kuma da na shiga jami'a a ajinsa na fara leƙa madubin da ake ganin ƙwayoyin cuta. Saboda haka shi malamina ne, kuma surukina ne. Kun san al'adar gidanmu, mace ba ta kama sunan yayan mijinta. Yaya nake ce masa. Ko wani mai irin sunansa na haɗu da shi sai in ce mai sunan Yaya. Shekara da shekaru ban taɓa furta sunan nan ba, ban kuma taɓa rubuta shi ba, ko a bayan ambulan.

Aikin da na yi a nan Abuja, wanda kuke yi mini tsiya kuna cewa gadin firiza, aiki ne a wani ɗakin gwaji na gwamnati da ke binciken cututtukan dabbobi. A can ciki akwai ɗaki guda da ba kowa ke shiga ba, inda ake adana ƙwayoyin cuta masu haɗari a cikin ƙananan kwalabe, don a riƙa gwada maganin rigakafi da su. A cikinsu har da ƙwayar ciwon saifa. Wannan ciwon ba a littafi na fara saninsa ba. Ina yarinya a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, saniyar maƙwabcinmu ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hancinta. Aka yi sauri aka yanka don kada a yi asara, aka raba nama gida-gida. Kafin mako ya zagayo an yi jana'iza fiye da ɗaya, mahaucin da ya feɗe ta kuma wani baƙin gyambo ya fito masa a hannu. Da na girma na shiga aiki, aka tura mu horo aka bayyana mana cewa irin waɗannan ƙwayoyin miyagu kan neme su don su mayar da su makami, kuma ƙasashen duniya, har da tamu, sun ƙulla yarjejeniya cewa ba za a bari su faɗa hannun kowa ba. Abokan aikina suna jin abin kamar labarin wata ƙasa mai nisa. Ni kuwa hannun mahaucin nan nake gani.

Bayan horon aka kawo sabuwar doka. Firizar ta samu kwaɗo biyu, mukullai biyu a hannun mutum biyu, kuma ba kwalbar da za ta fita sai da takardar izini daga kwamiti. Duk wanda ya zo nema aka hana shi, dole a rubuta rahoto da sunansa da sunan wanda ya kawo shi. Turawan da suka koya mana tsarin sun ce hikimarsa ita ce mutum ɗaya zai iya kuskure, amma biyu da wuya su yi tare. Abin da ba su sani ba shi ne a wurinmu kusan kowa ɗalibin Baffanku ne. Mukulli na farko aka ba Ishaya, wani Bagwari mutumin kirki wanda Baffanku ya duba masa aikin digiri. Na biyu aka ba ni, matar ƙaninsa. Wato an sa kwaɗo biyu, an damƙa mukullan ga mutum biyu da ba wanda zai iya haɗa ido da shi a cikinsu. Kuma a zamaninsu Baffanku ba haka ake aiki ba. Malami in yana son iri sai ya aika wa abokinsa, a ɗebo masa kamar yadda maƙwabciya ke aikowa a sam mata yisti. Ba mugunta ba ce, haka suka tarar, haka suka yi ta yi.

A shekarar da aka sa ranar aurenki, Nana, saura wata biyu biki, Baffanku ya shigo ofishinmu wata Talata da hantsi. Lokacin ya bar koyarwa ya dawo Abuja, yana cikin masu ba ma'aikatarmu shawara. Tare da shi akwai wani baƙo cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Na sauka daga kujera na durƙusa na gaishe su. Baffanku ya ce wannan bawan Allah yana kafa kamfanin haɗa rigakafin dabbobi, yana bukatar kwalba ɗaya ta saifa don gwaji, kuma shi ya tsaya masa. Baƙon ya miƙo mini kati mai ruwan zinariya, adireshin wani layi a Gwarinpa, unguwar da muke zaune. Na tambaye shi, idona a ƙasa, ina ɗakin gwajinsu yake, ya ce ana kan ginawa. Na ce da me zai ɗauka. Sai ya yi murmushi ya ɗaga wata kular abinci, irin wadda nake zuba wa babanku tuwo a ciki, ya ce ya cika ta da ƙanƙara.

Ishaya ya ja ni gefe, mukullinsa har ya riga ya fito daga aljihu.

"Madam, abeg, Oga ne fa," in ji shi da Hausarsa ta Abuja. "Shi ya koya mana wannan aiki duka. Nawa yana nan, ki kawo naka mu gama. Takarda za mu cika daga baya."

To a nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ban ce a'a ba. Na koma na durƙusa na ce wa Baffanku na manta mukullin a gida, alhali yana ɗaure a bakin zanena, ina jin sanyinsa a cikina. Irin dabarar da muke yi ke nan in ba ma son mu ce wa babba a'a, mu ce ba ya nan, ko an manta, ko sai gobe, da fatan zai gane ya haƙura. Baffanku bai gane ba, don bai taɓa kawowa a ransa cewa zan hana shi wani abu ba. Ya ce ba komai, ai gida bai yi nisa ba, za su biyo da la'asar su karɓa, gobe da safe Ishaya ya buɗe musu. Ƙaryata ta ɗauko maganar daga ofis ta kai ta falona.

Da na tashi daga aiki ban wuce gida kai-tsaye ba. Na sa mai adaidaita ya bi da ni ta layin da ke kan katin. Na san Gwarinpa kamar tafin hannuna, amma na ce bari dai in gani da idona. Lambar da aka rubuta shagon wanki da guga ne, riguna a rataye, wani mutum yana fesa wa shadda ruwa. Na tambaye shi ko akwai kamfanin magani a ginin, ya dube ni kamar na zare, ya ce shi shekararsa shida a nan, sitati kawai ya sani.

Bayan la'asar suka iso. Babanku ya tare su da murna, ya shimfiɗa wa yayansa darduma, don shi ma ba ya zama a kujera in Baffanku yana wuri. Ke, Nana, kina ɗaki da ƙawayenki kuna duba kayan lefe, ina jin dariyarku. Na kawo ruwa da lemo, na durƙusa na ajiye, na zauna a bakin ƙofa inda na saba zama. Baffanku ya sha ruwa, ya yi hamdala, ya miƙo hannu.

"To, kawo mukullin, kada mu tsayar da baƙo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Mukullin yana jikina tun safe. Ƙarya na yi maka, Allah ya yafe mini. Ba zan iya bayarwa ba sai da takardar kwamiti."

Babanku ya kira sunana sau ɗaya, a hankali, irin kiran da ke nufin ki dawo hayyacinki. Baffanku ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Ni kike tambaya takarda?" ya ce. "Kwalaben da kike gadi, rabinsu ni na ɗebo su daga daji da hannuna, tun ba ki san hanyar makaranta ba."

"Haka ne, Yaya. Kuma kai ka koya mini abin da ke cikinsu. Ba kai nake tsoro ba. Na je adireshin wannan bawan Allah, shagon wanki ne."

Baƙon ya yi dariya ya ce ai sun tashi daga can, katin tsoho ne. Ya miƙe ya ce zai amsa waya a waje. Bai dawo ba, har kular tasa ya bari a gefen kujera. Na ɗauka wannan zai sa Baffanku ya sauko, amma ina. Abin da ya gani shi ne an kunyata shi a gaban baƙo da ƙaninsa, kuma wadda ta yi ita ce yarinyar da ya ɗauko daga kan takardar ƙosai. Ya sa takalmansa da kansa, bai bari babanku ya juya masa su ba, ya fita bai yi mana sallama ba.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an sasanta kafin biki. Amma akwai rahoto. Washegari na zauna da fam ɗin a gabana tun safe. Layi na farko, sunan wanda ya nema, na kwafe daga kati. Layi na biyu, sunan wanda ya kawo shi. Ishaya ya leƙo ya ga inda alƙalamina ya tsaya.

"Madam, ki bar wannan wuri haka," ya ce. "Ki ce mutumin ta zo shi kaɗai. Ba wanda zai sani, ni ba zan yi magana ba."

Na so in bi shawararsa, Allah ya sani. Amma na yi tunani, mutumin nan ta hannun Baffanku ya shigo, kuma ba mu kaɗai ke da irin wannan firiza a ƙasar nan ba. Duk inda ya je da sunan Baffanku za a buɗe masa, don ko'ina ɗalibansa ne. In na bar layin nan fari, na kulle ƙofata na bar masa sauran a buɗe. Har aka kira azahar ina zaune. Na yi salla, na dawo, na ɗauki alƙalami na rubuta sunan yayan mijina, cikakke, da na mahaifinsa, karo na farko a rayuwata. Harafin farko ya karkace. Da na kai wa Darakta ya karanta, ya dube ni ta saman takardar ya ce, "Hajiya, kin san abin da wannan zai jawo miki a gida?" Na ce na sani, ranka ya daɗe, a sa hannu kawai.

Jami'an tsaro suka zo suka ɗauki katin da kular. Aka aika wa sauran ɗakunan gwaji gargaɗi. Aka kira Baffanku aka yi masa tambayoyi, aka tabbatar ba shi da wani mugun nufi, a wani taro mutumin ya same shi ya yi ta yabon rubuce-rubucensa, shi kuma bai iya hana mai neman ilimi ba. Duk da haka aka sauke shi daga cikin masu ba da shawara. Baƙon kuwa lambarsa ta daina shiga, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce na san abin da ya so yi da kwalbar ba. Wataƙila wawa ne mai son abin duniya, wataƙila ya fi haka. Abin da na sani shi ne bai same ta ba.

Sauran kuma kun gani da idonku. Baffanku ne zai zama waliyyinki, Nana, shi zai ba da aurenki kamar yadda ya ba da na duk 'ya'yan gidan. Ya aiko cewa a nemi wani. Ranar ɗaurin aure wurinsa a sahun gaba ba kowa, mutane suna ta waige. Gwaggonninku suka sa mini suna Mai Mukulli, in na shigo wuri sai a yi shiru, wata ta ce a ɓoye tukwane kada in rubuta rahoto. Babanku bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Wata uku yana cin abincina yana cewa an gode, kamar baƙo. Ke kuma ranar da za a kai ki, kina kuka a cikin mayafi, kika ce mini, "Mama, kin zaɓi firiza a kan aurena." Na ji zafin maganar nan fiye da duk abin da dangi suka faɗa, kuma ban ba ki amsa ba don ba ni da izinin bayarwa. Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska, na fito na ci gaba da sallamar baƙi.

Shekara huɗu Baffanku bai yi mini magana ba. Duk Salla ina zuwa gidansa a Kubwa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa wa bango. Ban fasa zuwa ba, ban kuma ba da haƙuri a kan rahoton ba, don a kan ƙaryar mukulli kaɗai nake da laifi, ita kuma na riga na nemi gafara. A wurin aiki abin ya canza mu. Aka daina ba ɗaliban malami ɗaya ko dangi mukullai tare, Ishaya da kansa ya zama wanda ya fi kowa tsanani, har akwai ranar da ya mayar da Darakta ya je ya ɗauko takarda. Har na bar aiki ba kwalba ɗaya da ta fita ba bisa ƙa'ida ba, kuma ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa.

Wata Asabar da safe, bayan ciwon ƙafa ya kwantar da shi, wayata ta yi ƙara. Muryarsa ce, ba sallama mai tsawo.

"Ki zo gida. Ki zo da mutanenki da kayan aikinku. Ki zo da takardar nan taku."

Muka je ni da Ishaya da ma'aikata biyu. Yana zaune a kan kujera a tsakar gida, ya nuna mana ɗakin ajiya da sandarsa. A bayan tsofaffin littattafai akwai wani gwangwanin biskit, cikinsa ƙananan kwalabe a naɗe da auduga, rubutun wasu har ya goge. Tun zamanin da yake yawon daji ya ajiye su, ya taso da su daga gida zuwa gida, shi kansa bai san me ya rage da rai a ciki ba. Jikokinsa suna wasan ɓuya a ɗakin nan. Ya ce tun ranar da ya bar falona yake tunanin gwangwanin, girman kai ya hana shi kira. Muka fitar da kowa daga gidan, muka sa rigunan kariya, muka kwashe, aka kai inda ake ƙone irinsu.

Da aka gama na zo na durƙusa a gabansa da fam ɗin. Akwai layin sunan wanda ya miƙa kayan. Na ba shi alƙalami don ya cika da kansa, sai ya mayar mini.

"Rubuta," ya ce. "Ai kin iya. Sun nuna mini wancan rahoton, ba ki yi kuskure ko ɗaya ba, sai dai harafin farko ya karkace."

Na rubuta, hawaye na ɗiga a kan takardar gwamnati. Ya karɓa ya sa hannu a ƙasa, ya daɗe yana kallon sunan. Sannan ya ce, "A cikin duk waɗanda na koyar, ke kaɗai kika hana ni. Ki faɗa wa Nana ni na ƙi zuwa aurenta, ba ke kika hana ni zuwa ba. In na kasa faɗa mata da kaina, ki faɗa mata bayan raina."

Bai samu ya faɗa miki ba, Nana, kina Kano lokacin, jikin kuma ya yi sauri. Ga shi na isar. Har yau in zan yi masa addu'a Yaya nake cewa, kuma kun ga duk tsawon rubutun nan ban kama sunansa ba. Sau biyu kaɗai na taɓa rubuta shi a duniya, kuma duka biyun suna cikin fayil a ofis, da sa hannuna a ƙasa.